Jinjina ga Masu Tukunyar Tagulla na Unguwar Niujie

Wanda bai taɓa kwana a Beijin cikin watan Janairu ba yakan ɗauka ya san sanyi, don ya sha jaurar Jos ko hunturun Agadas. Da wannan tunani na sauka birnin, daren farko ya raba ni da shi. Busasshiyar iska ce take gangarowa daga wajen Mongoliya, ta ratsa riga uku ta taɓa ƙashi. Tafkunan tsakiyar gari sukan daskare har yara su riƙa sulu a kansu. Hukuma takan kunna bututun ɗumama gidaje ranar 15 ga Nuwamba, ba ta kashewa sai 15 ga Maris, wata huɗu cur. Ɗaki kam yana ɗumama. Amma baƙo Musulmi da ya wuni yana zagayen kasuwa, ko ɗalibin da ya fito aji da yunwa, tambayarsa ɗaya ce: ina zan sami abu mai zafi in ci hankalina kwance?

Amsar da na samu, kuma ita nake bai wa duk wanda ya tambaye ni, ita ce Niujie. Ma'anar sunan Titin Shanu. Tsohuwar unguwar Musulmin ƙabilar Hui ce a gundumar Xicheng, kudu maso yammacin tsohon birni, kuma masallacinta tun shekarar 996 aka kafa shi, ya haura shekara dubu ke nan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 19 yana da tasha mai sunan unguwar. Kana hawowa sama ƙanshin gasasshiyar gurasa mai riɗi zai tarbe ka, sai shagunan mahauta a jere, an rataye cinyoyin raguna a ƙugiya, tururi na fita daga bakin kowa.

Sinawa suna kiran irin cin da ya kai ni unguwar huoguo, wato tukunyar wuta: a ajiye tukunya tana tafasa a tsakiyar tebur, kowa ya dafa abin da zai ci da hannunsa. Iri-iri ne. Na Congcing da Sicuwan shi ya fi suna a duniya, jan romo mai kitsen shanu da barkono da ƙwayar nan da ke sa leɓe ya yi zugi. Na Beijin dabam yake, kuma shi nake yi wa jinjina. Sunansa shuan yangrou, kaɗa naman rago a ruwan zafi.

Tukunyar ta tagulla ce, da dogon bututu a tsakiyarta kamar hular dara da aka ja sama. A cikin bututun ake zuba garwashin gawayi, ruwan kuma yana kewaye da shi kamar ganuwa. Idan ka leƙa ruwan nan za ka yi mamaki, domin kusan ba komai a cikinsa: yankan citta biyu ko uku, guntun lawashi, sai 'ya'yan wata jar magarya ta ƙasar, 'yar'uwar magaryar da muka sani amma ta fi girma. Kana ganin gindin tukunya tangaran. Ranar farko na ce wa Alhajin da ya kai ni, wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana zuwa garin, "Alhaji, sun manta ba su sa kayan miya ba." Ya ce, "Bari dai ka gani, ƙanena. Ruwan nan shi ne alƙalin naman."

Sai daga baya na gane maganarsa, kuma a kanta duk yabona ya tsaya. Mai romon da ya sha yaji da mai yana iya ɓoye tsohon nama, ya ɓoye wanda ba a san asalinsa ba, harshe ba zai gane ba. Wanda ya kawo maka farin ruwa ya ce ka tsoma namansa, ya tuɓe wa kansa duk wata mafaka. In naman ya kwana, ruwan zai yi kumfa mai dauɗa. In akwai ƙarni, hancinka zai ji tun kafin ka kai baki. Mutanen Niujie sun zaɓi su yi sana'arsu a fili haka, kullum, a gaban kowane baƙo.

Na tsaya na kalli mai yankan a wani gida, ta bayan gilashi. Dattijo ne da farar hula irin ta Hui, wuƙarsa doguwa, ta kusa kai kamu ɗaya. Ya danne tsokar da wani farin ƙyalle a hannun hagu, yana jan wuƙar gaba da baya a hankali, ba ya sara, ba ya gaggawa. Kowane yanki ya faɗo siriri, ja da fari a jere, ya shimfiɗa shi a faranti. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai fere naman kilishi zai gane hannun nan. Da ya cika farantin sai ya ɗaga shi tsaye a gabana, fuskar naman tana kallona, ko yanki ɗaya bai zame ba. Wannan shi ne gwajin da mutanen Beijin suke yi: sabon nama da ba a yi masa allurar ruwa ba yana manne wa faranti, kuma in an kwashe ba ya barin jini kwance. Na ce masa, "Shifu, sannu da aiki," domin haka suke kiran gwanin sana'a. Da ya ji na yi masa sallama sai ya ajiye wuƙa ya amsa da fara'a, ya ƙara mini yanki biyu na kitsen wutsiya.

Kitsen wutsiyar nan da shi ake farawa, a bar shi ya narke ya ba ruwan maiƙo. Sannan a kama yankin nama da tsinkayen ci, a kaɗa shi cikin tafasa, da ya sauya launi a fitar. In ka sake shi ya ɓace maka a ruwa ka yi hira, ka ɓata aikin dattijon. Mahaɗinsa kuwa kwaɓin riɗi ne mai kauri, a ɗiga masa niƙaƙƙen furen wata albasa mai gishiri, da jar awara da aka tsima, da man barkono da aka soya yanzu-yanzu yana ƙara. A gefe ga tafarnuwa da aka jiƙa da sukari, tana yanke maiƙo. Bayan nama sai tumbi, sai farin kabeji, sai awarar da aka daskarar har ta yi ƙofofi tana tsotse romo kamar soso, sai taliya a ƙarshe. Mahautan ba ko'ina suke yanka ba. Suna da sassa sanannu, kamar tsokar bayan wuya da wata siririyar tsoka a cinya da suke kira da sunan kokwamba saboda siffarta. Ragunan da aka fi yabo daga makiyayar Xilingol suke zuwa, a Mongoliya ta Gida.

Ga mai neman inda zai nufa, gida uku nake ambata. A Niujie kanta akwai Jubaoyuan, wanda ya faro a matsayin shagon sayar da nama, har yau kuma mutanen unguwa suna layi a tagarsa su sayi na kai wa gida. Kusa da ƙofar kudu ta Haikalin Sama akwai Nanmen Shuanrou. Sai uban gayya, Donglaishun, a titin Wangfujing. Wani Musulmi mai suna Ding Deshan ne ya kafa shi a 1903, da 'yar rumfar sayar da kunu a kasuwar Dong'an, a 1914 ya ƙara da naman tukunya. A 2008 gwamnatin Sin ta sa fasahar sarrafa namansu cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Daga rumfar kunu zuwa nan, ba da kuɗin gado aka zo ba, da kaifin wuƙa ne da riƙon amana. Ga Musulmin Hui ƙabila ce marar rinjaye a babban birnin ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya, amma sun sa wanda ba Musulmi ba ya tsallaka gari cikin sanyi don ya ci yankan Musulmi, saboda ya yarda a nan ne ba za a cuce shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na jinjina musu da zuciya ɗaya.

To amma wanda aka yarda da shi, nauyinsa ya fi na kowa. Da sauran aiki a gabansu.

Babban abin da ke damuna shi ne yaɗuwa. Suna ya yi daɗi, rassa sun yawaita, wasu har cikin manyan kantunan zamani. Hannun dattijo ɗaya ba ya isar gida ashirin. Sai ka ga an koma ga daskararren nama da aka matse cikin mazubi, inji yana fere shi yana naɗewa kamar tabarma. Ba haramun ba ne, yana da masu sonsa, kuma ya fi araha. Sai dai wannan naɗaɗɗen nama shi ne ƙofar da 'yan algus suka fi shiga. A watan Mayun 2013 ma'aikatar tsaron jama'a ta Sin ta bayyana cewa ta kama mutum 904 cikin wata uku kan laifukan nama, ta ƙwace fiye da tan dubu 20. Cikinsu har da wasu a yankin Wuxi da Shanghai da suke sayar da naman yanyawa da na ɓera da sunan rago. Ba a Niujie abin ya faru ba, kuma ban taɓa ganin abin zargi a can ba. Amma labarin ya nuna abin da kasuwa ke iya yi idan ido ya kau. Wanda ba Musulmi ba in aka ba shi agwagwa da kitsen rago, kuɗinsa aka ci. Musulmi kuwa an taɓa masa addini. Don haka ya kamata kowane reshe da ya ɗauki sunan tsohon gida ya iya gaya wa mai ci daga wace mayanka naman ya fito, wa ya yanka, yaushe ya iso. Kuma a zaunar da samari kusa da dattawan nan su koyi wuƙa tun suna raye. Takardar gadon al'ada da aka rataye a bango ba ta yanka nama.

Sai maganar gawayi, wadda ta taɓa ni kai tsaye. Wani dare mun shiga wani ɗan ƙaramin gida a wani lungu, mu huɗu, aka ba mu ɗaki na ciki, aka ja ƙofa saboda sanyi. Tagar a liƙe take da leda. Mun kai kamar awa ɗaya da rabi muna ci, sai na ji kaina yana sarawa, na ɗauka gajiya ce. Abokinmu ɗaya ya miƙe zai fita, ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya dafa bango. Allah ya taimake mu ɗayanmu ɗalibin likitanci ne, nan take ya ce a buɗe ƙofa kowa ya fita waje. Muka tsaya a titi ba riguna masu nauyi, muna shaƙar iska mai sanyi har kanmu ya washe. Gubar da gawayi ke fitarwa idan iska ta yi ƙaranci ba ta da launi, ba ta da wari, takan kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mu ma mun san ta, domin duk hunturu akan ji wanda ya shiga ɗaki da kaskon wuta bai wayi gari ba. Ba na goyon bayan a watsar da gawayi a koma lantarki; zafin garwashi da tagulla shi ne rabin daɗin abin. Amma na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru ba ta kai kuɗin faranti biyu na nama ba. Duk ɗakin da za a rufe da tukunya a ciki ya kamata ya kasance da ita, da fankar zuƙe iska mai aiki. Manyan gidaje su fara, su kuma matsa wa ƙananan da ke cin albarkacin sunan unguwa.

Akwai kuma giya. Gidaje da yawa masu alamar halal suna sayar da ita, saboda yawancin masu ci ba Musulmi ba ne. Na san lissafin kasuwa ne, amma raina ba ya so. Ko ba za su daina ba, su ware ɓangare ga iyalin da ba sa son zama kusa da kwalba.

Abu na gaba ba laifinsu ba ne, amma gyaransa yana hannunsu. A 2019 hukumomin Beijin sun sa aka cire rubutun Larabci daga allunan gidajen abinci na Musulmi. Da can baƙo daga Kano ko Damagaram yana hango kalmar halal daga nesa ya san ya iso gida. Yanzu sai haruffan Sinanci guda biyu, qingzhen, a baki kamar cing-jan, galibi a kan koren allo. Wanda bai san su ba zai wuce ta ƙofar yana jin yunwa, ya koma masauki ya ci biskit da shayi. Na san waɗanda suka yi mako guda a haka. Takardar jerin abinci mai hotuna, da 'yan layuka cikin Ingilishi ko Faransanci, da yaro ɗaya a gida wanda zai iya nuna wa baƙo abin da ake fara tsomawa, ba za su gagari gidan da ke cika maƙil kowane dare ba. Layin jira ma a dube shi. A ƙarshen mako mutum yakan yi awa ɗaya ko biyu da lambarsa a hannu, tsofaffi da yara a tsaye a waje cikin iskar nan. Rumfa da benci da butar shayi sun isa.

Mu ma baƙi da namu. Idonmu yakan fi cikinmu girma, mu cika tebur da faranti goma mu tashi mu bar rabi. Tun watan Afrilun 2021 ƙasar tana da dokar hana almubazzaranci da abinci, mu kuwa tun kafin dokar mun san hukuncinsa. A fara da faranti biyu, in bai isa ba a ƙara.

Ga wanda tafiya za ta kai Beijin tsakanin Nuwamba da Maris: ya je ranar aiki, ya yi la'asar a masallacin Niujie, ya taka zuwa gidan nama kafin ƙarfe biyar, lokacin layi bai yi tsawo ba. Ya nemi yankan hannu, ya ce a kawo masa gurasar riɗi da zafinta. In an ba shi ɗaki na ciki, ya bar ƙofa a buɗe kaɗan.