Asararmu a cikin sito take

Duk wanda ya zauna majalisar 'yan citta bayan la'asar ya haddace kukan: 'yan kamfani na Legas sun karya farashi, hanya ta lalace, direba ya ci amana, cutar 2023 ta gama da mu. Ba mu musa ba. Cutar nan ta ruɓar da citta a gonakin Kachia, Jaba, Kagarko da nan Jama'a, kowa ya gani da idonsa. Amma 'yan'uwa, tun kafin ta zo, mu nawa ne za mu iya faɗin yawan buhunan da ke sitonmu ba tare da mun ƙwala wa yaro kira ba?

Ku dubi yadda muke aikin. Mu sayi ɗanyar citta a Kwoi da ido, ba sikeli. A tsaga, a shanya a ƙasa, wani ma a gefen kwalta, ƙura da kashin awaki su hau. Iskar hunturu ba ta gama busar da ita ba mun ɗura a buhu, wai mota na jira. Mu jibge buhunan a kan siminti, jikin bango, ko katako babu a ƙarƙashi. Sabon kaya ya danne tsoho, na bakin ƙofa shi ke fita, na lungu ya shekara yana fumfuna. In kaya ya isa Legas aka farke buhu aka ga danshi da yashi, sai a zaftare kuɗi, mu dawo gida muna cewa an zalunce mu. To wa ya zuba yashin?

Wasu dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, cewa suke kasuwa rabo ce, rubuce-rubuce kuwa sai 'yan boko. A yi mana afuwa, wannan magana ba ta zauna ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kakanninmu da suka biyo layin dogo bayan Kafanchan ta zama mahaɗar jirage a 1927, da awo da takarda suke loda kaya a tasha, kuma jirgi ba ya jiran mai ciniki. Mu ne muka zo muka mai da ƙwaƙwalwa littafi. Da kasuwa ta ƙone a Afrilun 2011, da yawanmu mun kasa lissafa abin da wuta ta ci da bashin da muke bi a waje. Wallahi har yau akwai zumuncin da bai gyaru ba saboda haka.

Abin da muke kira gare shi bai kai kuɗin buhu ɗaya ba. Littafi a kowane sito: ranar da kaya ya shigo, nauyinsa ɗanye, nauyinsa busasshe, kuɗin tsagawa, dako da kamasho. Wanda bai san abin da cittarsa ta rage a shanya ba, bai san uwar kuɗinsa ba, balle riba. Shanya a kan tamfol. Buhun da ya fara shiga shi zai fara fita. Kuma kada mutum biyar su ɗauki mota biyar rabi-rabi, alhali tirela ɗaya ta ishe su.

Sabuwar citta za ta fara shigowa wajen Nuwamba. Muna roƙon shugabannin 'yan kasuwar unguwa su kira zama kafin nan, a fara da sayen sikeli ɗaya na kowa da kowa.