Martani ga Masu Cewa Gauraya Ɗalibai Na Kashe Ingancin Karatu

A Amurka, duk lokacin da wata hukumar ilimi ta yi yunƙurin sake shata iyakokin makarantu domin ɗan talaka ya zauna benci ɗaya da ɗan attajiri, sai tsohon zargi ya taso: wai sakandaren gwamnati da ta tara baƙar fata da fari da 'ya'yan baƙi ba za ta kamo ƙafar ta unguwar masu hali ba. Masu wannan magana ba neman gamsuwa suke yi ba, don haka ba da su muke ba. Jama'a muke gabatar wa hujjojinsu domin su yi alƙalanci.

Babbar madogararsu ita ce matsakaicin makin jarrabawa. Lalle makin makarantar attajirai ya fi yawa. Sai dai me yake aunawa? Tun a 1966 rahoton James Coleman, wanda ya duba ɗalibai fiye da 600,000, ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan makinsa. Makarantar da aka kawo mata yaro da malamin gida da kabad cike da littattafai, ta mayar da shi yadda ya zo, ba ta yi abin a yaba ba. Aikin malami ana gane shi ne daga tazarar da yaro ya ci tsakanin shigarsa da fitarsa. Da Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya auna wannan tazara a 2017, ya tarar 'yan aji uku zuwa takwas na birnin Chicago, waɗanda akasarinsu 'ya'yan talakawa ne, suna cin karatun shekara shida cikin shekara biyar, sun wuce tarin gundumomin masu kuɗi. Shi kansa GreatSchools, shafin da ke raba wa makarantu maki daga 1 zuwa 10 ana liƙawa a jikin tallan gidaje, ya sauya ma'auninsa a 2020 ya ƙara wa ci gaban ɗalibi nauyi, bayan jaridar Chalkbeat ta nuna a 2019 cewa makin yana bin launin fata da arziki sau da ƙafa. Mai ma'aunin ya gyara, masu zargi har yau suna riƙe da tsohon.

Sai su koma cewa yaro mai hazaƙa zai dushe idan aka haɗa shi da na baya. An gwada wannan a inda ya fi dacewa a gwada. Joshua Angrist, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021, tare da Atila Abdulkadiroglu da Parag Pathak, sun bi sawun yaran da suka shiga fitattun makarantun Boston da New York da ƙyar, da waɗanda kujerar ta kuɓuce musu da maki kaɗan. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna kusan babu bambanci a makinsu daga baya. Zama cikin zaɓaɓɓu bai ƙara wa na farko wani abin kirki ba, zama cikin gama-gari bai rage na biyu ba. Rucker Johnson na Jami'ar Berkeley kuma, da ya bi rayuwar yaran da suka yi karatu lokacin da kotuna suka tilasta haɗa makarantu, ya ga baƙaƙen fata sun ƙaru a ilimi da albashi da lafiya, farare kuwa ba su yi asarar da za a nuna ba. To wane ne aka cuta?

Cewa 'ya'yan talakawa ba su iya darasi mai wuya, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A 1982 ɗalibai 18 na malami Jaime Escalante a sakandaren Garfield da ke gabashin Los Angeles suka ci jarrabawar lissafi mai zurfi. Aka zargi 14 da satar amsa, 12 suka sake zama, dukkansu suka sake ci.

Inda rashin gaskiyarsu ya fi fitowa fili shi ne batun kayan aiki. Suna nuna ɗakin gwaje-gwaje da gogaggun malamai na unguwarsu, su ce ga inganci. Ba su faɗin inda kuɗin ke fitowa. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun Amurka harajin gidaje ne na gunduma, saboda haka tsadar gida ita ke sayen alli. A shari'ar Rodriguez, gundumar Edgewood a San Antonio, wadda yawancin mutanenta 'yan asalin Meziko ne, ta ɗora wa kanta haraji mai nauyi fiye da na maƙwabciyarta Alamo Heights, amma dala 356 kowane ɗalibinta yake samu, na can 594. Kotun Ƙoli ta bar tsarin yadda yake a 1973, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. A 1974, a shari'ar Milliken, da irin wannan rinjaye ta hana a tsallaka iyakar Detroit da unguwannin kewayenta domin haɗa ɗalibai. An toshe hanyar kuɗi, an toshe hanyar yara, sannan aka dawo ana kafa hujja da giɓin da ya biyo baya. Babu mai musun cewa makarantar da aka cunkusa wa talauci zalla tana shan wuya. Amma wannan sunanta makarantar wariya, kuma mutanen da ke kuka da halinta su ne ke cika zauren taron hukuma suna ƙin a taɓa iyakar da ta mayar da ita haka.