A Bar Ɗalibai Su Haɗa Bidiyon Yaƙi da Shaye-shaye da Hannunsu

Bara a unguwarmu wani ya ɗauki bidiyon wani matashi da ya sha ya yi mankas yana tangaɗi a bakin titi. Kafin la'asar bidiyon ya gama zagaye WhatsApp. Washegari sai ga shi ya dawo kala uku: ɗaya an ɗora masa kiɗa, ɗaya an rage masa gudu daidai inda yaron ya faɗi, na ukun kuma an haɗa shi da muryar wani ɗan barkwanci. Wanda ya haɗa na ukun ɗan aji biyar ne a sakandare, ƙanin abokina, kuma da wayar yayarsa ya yi aikin. Matashin kuwa tare muka yi makarantar allo. Tun daga ranar ya daina zuwa majalisa, amma ƙwayar bai daina ba.

Na kawo wannan labari ne don mu gane cewa ɗalibanmu sun riga sun iya rimiks, wato ɗauko bidiyon da wani ya yi a yanka shi, a ƙara masa murya ko rubutu har ma'anarsa ta sauya. Babu malamin da ya koya musu. CapCut kyauta ne, TikTok kuma ya ba su Duet da ke jera bidiyo biyu gefe da gefe, da Stitch da ke ba mutum damar yanko har daƙiƙa 5 daga bidiyon wani ya ɗora nasa a kai. Ra'ayina shi ne makarantu su karɓi wannan fasaha su mayar da ita aikin rukuni a kan shaye-shaye, maimakon a bar ta tana yi wa masu rauni dariya.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya fitar a farkon 2019 ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Mun kuma ga ƙarfin bidiyo da idonmu: a ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki rahotonta na sirri kan maganin tari mai kodin, aka wayi gari Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi.

To me zai hana a tara yara a ɗakin taro a kunna musu irin wannan kawai? An gwada, kuma da kuɗin da ba mu da su. Tsakanin 1998 da 2004 majalisar Amurka ta ware sama da dala biliyan 1.2 don tallace-tallacen hana matasa shan ƙwaya. A 2006 hukumar binciken ayyukan gwamnatin ƙasar, GAO, ta ce babu hujjar cewa kamfen ɗin ya rage shaye-shaye, har ma an ga alamun ya sa wasu yaran suna zaton sa'o'insu da ke shan wiwi sun fi yawa fiye da yadda abin yake. Kallo kaɗai ba ya isa, musamman idan manya ne suka zauna suka tsara abin da suke ganin zai tsorata yaro.

Ni ban je jami'a ba. Rubuta manhaja na koye shi ne ta hanyar kwafo aikin wasu daga GitHub, in canza layi ɗaya, in ga ya lalace, in zauna in gano dalili. Abin da na karanta kawai na manta da yawansa, amma abin da na ɓata na gyara da hannuna yana nan daram. Haka haɗa bidiyo yake. Yaron da aka ba minti ɗaya ya isar da saƙo dole ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai zubar, kuma ba zai iya zaɓa ba sai ya fahimci abin da yake magana a kai.

Akwai wani tsohon gwaji da wani mai shirya fim na Tarayyar Sobiyet, Lev Kuleshov, ya yi kusan shekara ɗari da suka wuce. Ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda ɗaya, ya haɗa shi da kwanon miya, sannan da akwatin gawa. Masu kallo suka ga yunwa a na farko, baƙin ciki a na biyu, alhali fuskar ba ta canza ba. Duk ɗalibin da ya gwada wannan da kansa, gobe idan ya ga bidiyon da aka jera kwalbar kodin da mota mai tsada da kiɗa mai daɗi, zai gane cewa wani ne ya zauna ya jera masa su.

Ga yadda nake ganin za a yi. A raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida. A ba kowane rukuni kayan aiki iri ɗaya: gajerun bidiyo kamar goma da ɗaliban suka ɗauka da kansu, irin su kwalba yashe a kwata, kujerar aji babu kowa, uwa tana jiran ɗanta a soro, da hirar minti biyu da ma'aikacin lafiya. Kowane rukuni ya fitar da bidiyon daƙiƙa 60. Sai a yi musaya: rukuni na biyu ya karɓi aikin na farko ya sake haɗa shi, ya kuma tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya cire da dalilinsa. A harkarmu ta manhaja haka muke yi, wani ya duba aikinka kafin a sake shi. A wannan gardamar ce za ka ji wata ɗaliba ta ce, "Wannan kiɗan ai ya sa abin ya zama burgewa." Malami zai iya faɗin haka sau goma ba a ji ba, amma daga bakin 'yar ajinsu ya fi shiga.

Dole a kafa dokoki tun farko. Ba a sa fuskar mai shaye-shaye na gaske, ko da an ce don wa'azi ne, domin abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Ba a nuna yadda ake haɗa kayan maye ko inda ake sayar da su. Ba a yanko fim ko rahoton da ke da haƙƙin mallaka. In ana buƙatar ƙarin hoto, akwai masu lasisin Creative Commons a Wikimedia Commons. Duk wani adadi da za a rubuta a fuskar bidiyo sai an nuna inda aka samo shi. Sannan kowane bidiyo ya ƙare da inda za a nemi taimako, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA.

Na san iyaye za su ce waya ce ma ta lalata yaran, yanzu kuma a kai ta aji? Tsoron yana kan hanya. Amma aikin nan ba ya buƙatar kowane yaro ya riƙe waya. Waya biyu a hannun malami sun isa aji guda, ana iya tura fayil ta Xender ba tare da data ba, kuma ba sai an ɗora komai a TikTok ba. A haska a majigi ranar taron iyaye da malamai ya wadatar. Wasu kuma za su ce yara za su mayar da abin wasa. Za su yi, amma gara su yi wasan a gaban malami da 'yan ajinsu, inda za a tambaye su wa suke yi wa dariya.

Ban ce bidiyo zai raba kowa da tiramol ba. Wanda ya yi nisa likita yake buƙata da dangi masu haƙuri. Amma makarantu da yawa suna da kulob na yaƙi da shaye-shaye da aikinsa bai wuce ɗaga kwali ranar 26 ga Yuni ba. Mu da muka iya waya da kwamfuta, kowa ya nemi irin wannan kulob a makarantar unguwarsu ya ba da Asabar biyu. Ni zan fara da ƙanin abokina, domin yaron ya iya yanka bidiyo ƙwarai, kawai dai ba a taɓa tambayarsa me yake son faɗa da shi ba.