Ƙasar Kumasi ba ta Kano ba ce: me za a shuka a gindin katanga?

Wannan makon mu ɗan ajiye zancen canjin kuɗi da wahalar boda, mu leƙa tsakar gida.

Shekarar da muka tashi daga haya a Aboabo muka koma namu gidan a bayan garin Kumasi, uwargida ta kafa ido a kan wani ɗan fili da ya bi gindin katanga. Ta ce, "Alhaji, in ka je gida ka taho min da irin albasa, na gaji da sayen ta 'yan kaɗan-kaɗan." Na taho da shi daga Kano, har da na kabeji. Ta shuka, ta yi ta ɗawainiya. Albasa ta fito sirara kamar tsintsiya, ta tsaya nan. Sau biyu muna yi. A na biyun na zuba takin zamani da hannu sake, abin ya ƙara lalacewa, har ta fara cewa hannunta ne ba shi da albarka. Wannan magana ta fi asarar kuɗin ci mini rai.

Ashe laifin ƙasa ne. Wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi ya ce mini ƙasar tana da tsami. Nan damina biyu ake yi a shekara, kuma ruwa mai yawa yakan wanke sinadaran da ke kashe tsamin ƙasa, ya tafi da su can ƙarƙashi. Masana suna auna shi da ma'aunin pH: 7 shi ne tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne. Albasa tana son tsakanin 6 da 7. Tamu da aka auna, 5 ce. Takin yuriya da na yi ta zubawa kuwa, ƙara tsamin yake yi a hankali. 'Yan'uwanmu na Duwala da Yawunde, ku ma zancen ya shafe ku.

To, me ke son irin wannan ƙasa? Abarba ce kan gaba, don ita tsamin ma take nema. Ka yanke kan wadda kuka sha, ka bari ya sha iska kwana biyu, ka dasa. Sai dai haƙuri, takan kusa shekara biyu kafin ta haihu. Rogo da dankalin Hausa ba ruwansu. Yakuwa ma ta yi mana kyau, kuma ita ce ta fara dawo wa uwargida da fara'arta.

Mai son ado ya nemi iksora, furen nan ja mai curi-curi da ake yi wa ofisoshi shinge da shi. Akwai kuma gadeniya mai farin fure da ƙamshi da dare, 'yar'uwar gauɗen dajinmu ce. Amma ga inda na sake cin tuntuɓe: na dasa iksora dab da katanga, sai ganyenta ya koma rawaya, jijiyoyin kawai suka rage kore. Siminti da ɓaraguzan da magina suka binne a wurin sun kashe tsamin da take so. Da na kwashe su, na ja ta baya kamar taku biyu, na lulluɓe gindinta da ruɓaɓɓen ganye, sai sabon toho ya fito kore shar.

Albasa fa? Ba mu haƙura ba. Mun ware mata ɗan fangali guda, muka cuɗa ƙasar da tokar itace da busasshen kashin kaji, muka bar ta mako biyu kafin shuka. Aikin toka a ƙasa kamar na kanwa ne a tukunya, tana karya tsami, in ta yi yawa kuma ta ɓata. Don haka kaɗan-kaɗan, kuma duk shekara sai an sake, tunda ruwa zai wanke ta. A ja wa yara kunne kada su juye tokar murhu a gindin iksora ko abarba.

Bana kwano biyu ta cire. 'Yan ƙanana ne, ba za su shiga kasuwar Kejetia ba, amma sai da ta aika wa maƙwabciyarta da guda biyar.