A Sassauta Ɗauri, a Ƙara Kauri

Wata magana ta fara kama jiki a tsakanin masu kula da ƙungiyoyin al'adu na jahar Tawa, tun daga Tama da Buza har Madawa da Keita, wai duk saurayin da ya sassauta tsirkiyar gitarsa ƙasa da abin da na'urar ɗauri ta nuna, to bai iya kiɗa ba. Ana faɗin haka a wurin gwaji, ana maimaita shi a teburin alƙalan gasa, kuma mafi yawan masu faɗinsa mu ne malaman makaranta. Wannan hukunci kuskure ne, kuma maƙogwaron ƴaƴanmu ne ke biyan kuɗinsa.

Mu fara da na'urar da ake rantsuwa da ita. An gina ta ne bisa sautin "la" mai kaɗawa sau 440 cikin daƙiƙa guda. Wannan adadi yarjejeniya ce ta mutane. A 1859 gwamnatin Faransa ta tsayar da 435. A 1939 wani taro a Landan ya zaɓi 440, hukumar ma'aunai ta duniya kuma ta jaddada shi a 1975. Turawan da suka ƙago ma'aunin sun yi shekaru suna jayayya a kansa, to don me mu za mu riƙe shi kamar farilla? Jimi Hendrix, wanda ba mai musun gwanintarsa, ya naɗi waƙoƙinsa da yawa da gitar da aka sassauta da rabin taki, wato tazarar gaɓa ɗaya a wuyan gitar, mai kaɗa masa bas kuma dole ya bi shi.

Mu koma gida. Mai goge da mai molo da mai garaya ba su taɓa jiran na'ura ba. Makaɗi yakan saurari muryar mai waƙa, ya ja tsirkiya ko ya sake ta har su daidaita. Kalangu kansa a hammata ake matsa shi a sake shi don ya bi hawa da saukar magana, tun da Hausa harshe ne mai karin sauti. A gadonmu kayan kiɗa ne ke bin murya. Yarinyar da aka tilasta wa ta kai sautin da ya fi ƙarfinta, dare bayan dare, don kawai fitilar na'ura ta yi kore, za ta dushe tun kafin ranar gasa. Idan rabin taki zai cece ta, a sassauta.

Sai dai matasan ma ba su kuɓuta daga zargi ba, musamman masu riƙe da bas. Da yawansu sukan murɗa makullan ƙasa, su bar tsirkiyar da suka tarar, sa'an nan su yi mamakin yadda sauti ya zama kamar ana dukan tabarma. Wannan ƙarar ce alƙalai ke ji su ce sassautawa ta ɓata kiɗa, alhali laifin yana ga tsirkiyar da ba ta dace da ɗaurin ba.

Dalilin a bayyane yake tun lokacin da Marin Mersenne ya rubuta shi a Faransa a 1636: sautin tsirkiya ya dogara ga tsawonta da nauyinta da ƙarfin ɗaurinta. Bas mai tsirkiya 4, irin wanda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, tsawon tsirkiyarsa daga jaki zuwa kan wuya kimanin santimita 86 ne, ana kuma ɗaure shi a kan mi, la, re, sol. Babbar tsirkiyar tana kaɗawa kusan sau 41 cikin daƙiƙa. In an sauko da rabin taki sai ta koma kusan 39. Raguwar kamar ba ta da yawa, amma ƙarfin ɗaurin yana faɗuwa da kashi 11 cikin 100, in kuma taki guda cif aka sauko, da kusan kashi 21. Tsirkiyoyin huɗu a haɗe suna jan wuyan bas da nauyin da ya haura kilo 70, ke nan rabin taki kaɗai ya ɗauke wajen kilo 8. Tsirkiya sai ta yi sako-sako, tana lilo da faɗi, tana dukan ƙarafan gaɓoɓi.

Tsawon wuya ba ya canzuwa, saboda haka abin da ya rage a hannun makaɗi shi ne nauyi. Lambobin da ke jikin takardar tsirkiya, kamar 45 zuwa 105, kauri suke nunawa: 105 daidai take da milimita 2,67. Don a maido da ƙarfin da aka rasa a rabin taki, ana bukatar ƙarin kauri na kusan kashi 6 cikin 100, wato a koma 50 zuwa 110. Wanda ya sauko da taki guda sai ya nemi 55 zuwa 115 ko 120. Bayan an ɗaura, a bar wuyan ya zauna kwana ɗaya ko biyu, a duba sandar ƙarfen da ke cikinsa, a gyara jaki, a kuma tabbata tsagin da ke kan wuya ya ɗauki sabon kaurin. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya sauya tsirkiya da safiyar gasa ya jawo wa kansa kunya. A ƙasarmu ta ƙura da gumi kuwa, tsirkiya mai santsin baya ta fi mai gurzau-gurzau jimiri, domin datti ba ya samun maƙalewa, ko da yake sautinta ya fi duhu.

Na san abin da za a ce: tsirkiya tana da tsada, sai an aika birni, yaran karkara kuma da abin da suka samu suke kiɗa. Gaskiya ne. Mdou Moctar, ɗan Azawak na wannan jaha tamu, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar gitarsa ta farko, kafin ya je Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, ya kuma kai ga zagaya duniya. Amma shi rashi ne ya sa shi haka. Ƙungiyar da ke iya ɗinka wa ƴan rawa anko, ta ɗauki hayar lasifika da janareta, ba ta da hujjar cewa tsirkiya huɗu sun gagare ta. Kuma kuɗin 50 zuwa 110 bai bambanta da na 45 zuwa 105 da wani abin kirki ba. Abin da ya ɓace shi ne sanin lambar da za a faɗa wa ɗan aike.

Don haka ina kira ga alƙalai, daga gasar ƙauye har zuwa ta Ɗan Gurmu da aka san Tawa da ita, su auna abu ɗaya: shin gitar da bas da murya sun yi jituwa da juna? Idan sun yi, ba ruwan kowa da inda allurar na'ura ta tsaya. Shugabannin ƙungiyoyi su fara sauraron mawaƙansu, su tsayar da ɗaurin da ya dace da muryoyinsu, daga baya su sayi tsirkiya a kan wannan ɗauri. Malaman kimiyya na kwaleji kuwa, ga darasin kaɗawar igiya a ƙofar ajinku: ku aro bas guda, ku sassauta babbar tsirkiyarsa a gaban ɗalibai, ku sa su lissafa kaurin da zai maido mata da ƙarfinta.