Kafin a sa kyanwar a buhu, a duba bahonta

A gidajenmu na gargajiya ba a san wata matsala da ake kira kashin kyanwa ba. Tsakar gida ƙasa ce, ga turke, ga bayan rumbu, ga juji a ƙofar gida. Mage za ta je ta tona, ta biya buƙatarta, ta binne, ba wanda ya koya mata. Yau kuwa a Gwarinpa da Kubwa da Lugbe an shafe ɗakuna da tayil, an shafe harabar gida da siminti, babu ƙasa ko ta cika tafin hannu. Mai sha'awar kiwon kyanwa, ko wanda ɓeraye suka tilasta masa, sai ya ajiye mata baho da yashi a wani lungu. Ranar da ta ƙi bahon ta tsuguna a kan kafet, ko mafi muni a kan sallaya, hukuncin da aka saba yankewa sananne ne: duka, in ta sake a sa ta a buhu a kai ta bayan gari.

A ganina wannan hukunci zalunci ne, kuma ko ta fuskar amfanin maigidan babu dabara a cikinsa. Binne kashi ɗabi'a ce da kyanwa ta gada daga kyanwar dajin da ta samo asali daga gare ta, dabbar busasshiyar ƙasa mai yashi. Dabbar da aka halitta da wannan hali ba ta barinsa don tsiwa ko ramuwa. Idan ta bari, ko dai jikinta ne babu lafiya, ko bahon ne ba ya shiguwa, ko wani abu ne ya firgita ta.

Zancen lafiya shi ya fi gaggawa, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Kyanwa ba ta da yawan shan ruwa, fitsarinta mai kauri ne, don haka kumburin mafitsara da tsakuwar mafitsara sun yawaita a jinsinta. Idan fitsari ya zame mata azaba, sai ta ɗauka bahon ne ke cizonta, ta koma neman wuri mai sanyi ko mai laushi. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: yawan tsugunawa ana ɗigo kaɗan-kaɗan, kuka lokacin fitsari, jini a ciki, yawan lasar gaba. Ga muzuru lamarin ya fi haɗari, domin hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. Muzurun da yake nishi fitsari ba ya fita zai iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3. Wannan aikin likitan dabbobi ne a ranar, kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Abuja da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ban da na jihohi da masu zaman kansu. Kada a ce za a ba ta farasitamol ta ji sauƙi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Tsohuwar mage kuma ciwon ƙoda ko na suga kan sa ta yawan fitsari, amosanin gaɓɓai ya hana ta tsallaka bakin baho mai tsayi.

Idan likita ya ce lafiyarta ƙalau, to an bar jaki ne ana dukan taiki, laifin yana ga bahon. Mafi yawan robobin da ake ajiye musu sun yi ƙanƙanta. Abin da masana halayyar kyanwa suke ba da shawara shi ne tsawon baho ya kai tsawon jikinta sau ɗaya da rabi, zurfin yashin ya kai kamar santimita 5, adadin bahunan kuma ya ɗara adadin kyanwoyin da ɗaya. A kwashe abin da ta yi kullum, a sauya yashin a wanke bahon a kai a kai. Wanda ba zai shiga ban-ɗakin da ya kwana uku ba a kora ba, me zai sa ya yi tsammanin dabbar da ta fi shi ƙarfin hanci za ta shiga? Yashi mai turare da ake sayarwa a manyan kantuna don hancin mai gida aka yi shi, ita ta fi son mai laushi marar ƙamshi. Sannan wuri: ba kusa da kwanon abincinta ba, ba gefen janareto ba, ba kuma bayan ƙofar da ake kullewa da dare ba.

Akwai wani abu dabam da ake rikitawa da wannan. Kyanwar da ta juya wa bango baya a tsaye, ta ɗaga wutsiya ta fesa fitsari, alama take sawa cewa nan yankinta ne. Muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi yi, kuma baƙuwar kyanwa a taga, ko sabon gida, ko cikar gida da baƙi kan tsananta shi. Fiɗiya a asibiti tana rage shi ƙwarai. Duka kuwa, ko goga hancinta a kan ɓarnar, tsoro yake ƙara mata, tsoron nan kuma yana cikin abubuwan da ke tayar da kumburin mafitsarar tun farko.

Wanke wurin ma da nasa ilimin. Muddin warin yana nan za ta koma. Ruwa da garin sabulun wanki sun fi Izal da Dettol, waɗanda sinadaransu guba ne ga kyanwa idan ta taka ta lashe ƙafa. Mace mai ciki kuma ta bar wa wani kwasar bahon saboda cutar tokzoplazma, wadda ke iya taɓa ɗan tayi. Ƙwayar cutar sai ta yi aƙalla kwana ɗaya a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, ga wani dalilin kwashewa kullum.

Na san abin da za a ce: mutane ba su samu kuɗin asibitin kansu ba, wa ke ta kyanwa? Kuma gidan da ake sallah ba ya zama da najasa. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai tsarki ana samunsa da rufe ɗakin sallah da naɗe sallaya, rabin gyaran da na lissafa kuma bai fi kuɗin babbar roba ɗaya ba. Wanda ya kulle dabba a gida mai tayil shi ya raba ta da ƙasar tono, don haka haƙƙin samar mata madadi yana wuyansa. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ta hana ta abinci yana cikin Bukhari da Muslim, ɗan Islamiyya ma ya san shi.

Wanda ya ga ba zai iya ba, rabuwa halal ce, amma ba ta hanyar buhu ba. Kyanwar da ta tashi a ɗaki ba ta san mota ba, ba ta san kare ba. Masu shagunan hatsi da masu gidajen da har yanzu ke da tsakar gida ta ƙasa suna neman mai kama musu ɓera, a can kuma za ta samu inda za ta tona.