Filin jirgin Kaduna: ba ƙanƙantar gini ce ta kashe shi ba

Duk ranar da wani ya ɗora bidiyon filin jirgin saman Dubai a TikTok, sai ka ga 'yan Kaduna sun yi caa, ana cewa namu bai fi tashar Kawo ba. Dariya kam ana sha. Amma jama'a, an bar jaki ana dukan taiki.

Filin Dubai ya ɗauki fasinja sama da miliyan 90 a 2024, kuma titin saukar jirgi biyu kacal gare shi. Gatwick da ke Landan, da titi ɗaya yake aiki, amma ya ɗauki sama da miliyan 46 a 2019. Namu da ke gaba da Mando shi ma titi ɗaya ne, tsawonsa kusan kilomita 3. Ashe ba gilashi da matattakala mai tafiya da kanta ke raya filin jirgi ba. Abubuwan da ba sa fitowa a hoto su ne aikin: hasumiyar da ke ba matuƙi izinin sauka, na'urar da ke jagorantarsa idan hazo ya rufe gari, fitilun titi, motocin kashe gobara, man jirgi, da katangar da ke hana kowa kutsawa.

Ƙannenmu ƙila ba su tuna ba. A ranar 8 ga Maris 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titinsa, aka karkato jirage zuwa Kaduna. British Airways da Lufthansa suka ce ba za su zo ba. Ethiopian Airlines kuwa ta sauko da Boeing 787 a ranar farko. Ana sauke fasinja, ana kwasarsu a motoci zuwa Abuja da rakiyar jami'an tsaro. Wannan ƙaramin filin da ake yi wa ba'a, shi ya riƙe babban birnin ƙasa.

Sai ga Maris 2022. 'Yan bindiga suka kutsa harabar filin, suka kashe mai gadi. Bayan kwana biyu aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Kamfanoni suka dakatar da zuwa. Kamfanin jirgi ba ƙungiyar agaji ba ce, in ya tsorata ko kujeru suka tashi babu kowa, ya tafi ke nan. Yau in ka cire lokacin jigilar alhazai, filin shiru ne mafi yawan yini, ɗan Unguwar Rimi mai son zuwa Legas kan hau mota ko jirgin ƙasa zuwa Abuja tukuna. Kuɗi biyu, wahala biyu.

To in za mu dami hukumar FAAN da 'yan majalisarmu a X, mu daina roƙon sabon gini. Mu tambaye su: an kammala katange filin? Na'urar saukar jirgi a hazo tana aiki? Jirgi nawa ke tashi daga Kaduna a mako, kuma wane kamfani aka zauna da shi don a ƙara?